Wuƙa a Ƙugu: Me Doka Take Dubawa a Zamfara?

Assalamu alaikum jama'a. Mu ƙaddara yau Talata ce, kasuwar Talata Mafara ta fara watsewa, wata motar haya ta ɗauko hanyar Gusau. Ba a yi nisa ba aka iso shingen jami'an tsaro, aka ce kowa ya sauko. A buhun wani dattijo aka tarar da wuƙaƙe uku da dutsen washi. Mahauci ne. Wani manomi kuma addarsa na naɗe cikin tsumma. Sai wani saurayi, da aka laluba shi aka ji wuƙa cikin kube, soke a ƙugu, riga ta rufe ta. Aka ce, ta mece ce? Ya ce, "Yallaɓai, ta kare kai ce, ka san halin da hanya take ciki."

A cikin mutum ukun nan, wa ya fi jefa kansa cikin matsala? Mai wuƙa uku ko mai guda ɗaya? Ku riƙe amsarku tukuna.

Bari mu fara kawar da wata magana da ke yawo a wayoyi, wai muddin bakin wuƙa bai wuce inci 3 ba, babu mai taɓa ka. Dokar Ingila ce wannan. A can, wata doka ta 1988 ta hana fita bainar jama'a da abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa, bakinta kuma bai wuce inci 3 ba. Wanda ya saɓa yana iya shan ɗaurin shekara 4. Zancen a ɓoye ko a bayyane kuwa daga Amurka aka fi jin sa, inda kowace jiha ke da tata ƙa'idar. Wata jihar ta bar ka ka rataya wuƙa a fili, amma ta hana ka sa ta ƙarƙashin riga. Alƙalin da ke zaune a Gusau ko Kaura Namoda ba zai yi maka hukunci da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ke hannunsa hawa uku ne: dokokin tarayya, da Final Kod, wato kundin hukunta laifuka wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960, sai kundin hukuncin Shari'a da Zamfara ta fara aiki da shi a watan Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ke hawa kan Musulmi a kotunan Shari'a. Dokar bindigogi ta 1959 ita ce mai maganar lasisi, tun daga manyan bindigogi har ta gargajiya irin ta maharba. Ba ta shafi wuƙa ba. Duk wanda ya ce zai samo maka lasisin wuƙa ƙarƙashinta, kuɗinka kawai yake so.

To yaushe wuƙa ke tashi daga kayan aiki ta koma makami? A nan ne fassarar da ke cikin dokar fashi da makami ta 1984 take da amfani. Ta ce makamin cutarwa shi ne abin da aka ƙera don raunata mutum, ko aka gyara shi don haka, ko kuma wanda yake riƙe da shi ya nufi raunata mutum da shi. Ta lissafa kwari da baka, mashi, adda, wuƙar suka, kulki, har guntun itace, ƙarfe, gilashi ko dutse. Ku lura da kyau, babu awon inci a ciki, babu kuma maganar riga ta rufe ko ba ta rufe ba. Ƙira, gyara, da nufi.

Mu koma bakin shingen. Wuƙar fiɗa ba don mutum aka ƙera ta ba, kuma komai na jikin dattijon nan yana shaidarsa: ranar kasuwa, dutsen washi, ƙarnin nama a tufafinsa. Haka manomi da addarsa, haka wanzami da askarsa a zabira, haka mai tsire da yamma. Saurayin kuwa da bakinsa ya cike sharaɗi na uku. "Ta kare kai ce" na nufin, in ta kama, jikin mutum zan sa wa. Amsar da yake ganin ita za ta wanke shi, ita ta mai da wuƙarsa makami. Ni dai ban ga laifin tsoronsa ba, wanda ya san hanyoyin Anka, Maru ko Tsafe a shekarun nan ba zai yi masa dariya ba. Sai dai abin da ya faɗa ya faɗu, kuma za a rubuta shi.

Wannan ba ya nufin an riga an same shi da laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da aka rubuta a doka, aka kuma rubuta hukuncinsa, kuma wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Mai tuhuma ne zai faɗi sashen da aka karya. Amma ɓoyewa tana zama hujja a hannun mai gabatar da ƙara. Wuƙa a cikin safa, ƙarfe 11 na dare, a unguwar da ba taka ba, tambayar da za a yi maka a kotu mai sauƙi ce, amsarta ce mai wuya. Fito da ita fili ma ba mafita ba ce. Ka zare wuƙa ana cikin cacar baki, ko ka ɗaga riga don abokin faɗa ya gan ta, ka shiga laifin barazana ko da ba ka taɓa kowa ba. Malamai sun daɗe suna karantar da wannan: a Bukhari da Muslim an umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami.

Akwai wuraren da doka ta ambaci makami ƙarara. Dokar kiyaye zaman lafiya ta 1979 ta hana zuwa taron jama'a ko jerin gwano da makami, sai mai izinin hukuma. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana shi a gangamin siyasa, ta kuma hana riƙe shi a rumfar zaɓe ko cikin tazarar mita 300 daga rumfar ranar jefa ƙuri'a. Wannan saƙo ne ga matasan da ake loda wa a mota da gora da barandami ana bin ɗan takara. Ranar da aka kama, mai riƙe da barandamin ne zai tsaya gaban alƙali.

Nauyin wuƙa a shari'a ya fi fitowa a fashi. A dokar 1984, fashi ba makami ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ne. Da makami kuwa, ko tare da wani mai makami, hukuncin kisa ne, kuma wuƙa ta isa. Mai ƙwacen waya da ya nuna 'yar wuƙar yankan lemo ya tsallaka wannan layin ba tare da ya sani ba. A kotun Shari'a kuma rauni da kisa suna shiga babin ƙisasi da diyya, tare hanya da makami yana shiga babin hiraba.

Saura kare kai, wanda shi ne asalin abin da ke ran saurayinmu. Doka ta yarda da shi. Sashe na 33 na tsarin mulki ya ambace shi, Final Kod na Arewa ma ya ba mutum damar kare ransa, da ran waninsa, da dukiya, har ya kai ga kisa in ana tsoron mutuwa, ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. Amma ya ɗaure damar da igiya biyu: kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu damar in akwai lokacin neman taimakon hukuma. Da zarar haɗarin ya kau, damar ta kau.

Wannan ba karatun aji ba ne. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan wani manomi daga Adamawa. Shi ya ce an far masa da wuƙa a gona, suka yi kokawa, ya ƙwace ta, ya soki wanda ya far masa a wuya. Mafi rinjayen alƙalan suka ce tun da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu, abin da ya biyo baya ya wuce kare kai. Wata mai shari'a a cikinsu ta saɓa, lauyoyi da dama suka soki hukuncin, daga baya gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan ya shafe sama da shekara 10 a tsare. Wuƙar ma ba tasa ba ce. Ka kwatanta da wanda shi ya fito da tasa daga gida.

In an tsayar da kai, kada ka kai hannu ƙugu. Ka faɗa da baki cewa akwai wuƙa a wuri kaza, ta aikin kaza ce, ka bari su ciro da kansu. Kayan sana'a su kasance cikin kube ko naɗe, a jaka tare da sauran kayan aikin, ba a jikinka ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce bincike a hanya sai da zargi mai dalili, kuma askin mutum, ko suturarsa, ko shekarunsa ba dalili ba ne. In ta kai ga caji ofis, kana da damar yin shiru har ka ga lauya, kada kuma ka sa hannu ko ɗan yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Belin 'yan sanda kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya, danginsa su nemi ofishin hukumar tarayya mai ba da lauya kyauta da ke Gusau.