Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Gidaje a Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Minista, wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, iyayenmu hakimai, malamai da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Birnin Shehu, sannu da hanya. A madadin ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna gidajen haya, muna godiya da ka tako da ƙafarka, da kuma sanya Sakkwato cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta ware wa gidaje 250 kowacce. Allah ya saka da alheri.

Sai dai baƙon da ya zo da niyyar gyara ba a ɓoye masa ciwo. Garin nan ya cika. Tun da 'yan bindiga suka addabi Isa, Sabon Birni da Rabah, 'yan'uwanmu ke kwararowa, har gidan da aka gina domin iyali ɗaya a Mabera ko Gidan Igwai ya koma ɗaukar iyalai da dama. Kuɗin haya na shekara ake nema dunƙule, ga kuma la'adar dillali. Siminti kuwa, ga masana'antarsa nan Kalambaina, amma a 2024 sai da buhu ya haura naira 10,000.

Tun 1992 ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci zuwa asusun gidaje na ƙasa. Rancen da ake bayarwa daga asusun yana da ruwa kashi 6, kuma a nan, ranka ya daɗe, magidanta da yawa sun gwammace su tsufa a haya da su taɓa riba. Kuɗinsu na ciki, amma ƙofar ba tasu ba ce. Muna roƙon a faɗaɗa tsarin haya har gida ya zama naka, ba tare da ruwa ba, a kuma buɗe shi ga tela da mai shago, waɗanda ba su da takardar albashi.

Basakkwace ya iya gina gidansa da kansa: bana katanga, baɗi ɗaki biyu, rufi in an sayar da albasa. Abin da ke kayar da shi fili ne. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa hannun gwamna, kuma kafin talaka ya ga takardar mallaka, takalminsa ya ƙare. Idan tarayya da jiha suka haɗa hannu aka yanka fulotai masu takarda a bayan gari, da titi da magudanar ruwa, nesa da fadamar Rima da ta yi ambaliya a 2010, gidajen da jama'a za su tayar sun fi abin da kowace kwangila za ta gina.

Mun rubuta waɗannan buƙatu, dattawanmu za su miƙa maka. Allah ya maishe ka gida lafiya. Yanzu kuma, bismillah, jama'a na sauraronka.