Ku sayi inshora tun guguwa ba ta samu suna ba

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na ko? To madalla.

Akwai wanda ya tambaye ni a waje, wai malam idan guguwa ta riski jirgin ruwan yawon shaƙatawa a tsakiyar teku ai nutsewa zai yi ko? Na ce masa da wuya. Jirgin nan yana gudun kilomita wajen 40 a awa, ita kuwa guguwar duk da iskar cikinta ta haura kilomita 119 a awa, tafiyarta yawanci a hankali take yi, ga cibiyar sa ido ta Amurka da ke Miyami tana bin sawunta kwana da kwanaki, to kyaftin kaucewa kawai yake yi. Aljihunka ne ke nutsewa, shi ne abin da na zo mu tattauna.

Lokacin guguwa a tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi zafi tsakanin Agusta da Oktoba. Kuma abin mamaki, da yawansu daga wajenmu suke tasowa, hadarin damina da ke ratsa Cadi da Nijar da Arewa ya nufi yamma, in ya faɗa teku wajen tsibiran Kef Bade ya samu ruwa mai ɗumi sai ya rikiɗe ya zama guguwa. A daidai lokacin guguwar ne tikitin jirgin ruwan ke araha, shi ya sa mutane ke rububi.

Ku duba 2017. A Agusta guguwar Harvey ta sa aka rufe tashar Galbeston a Tekzas, jirage huɗu da fasinja kusan 20,000 suka rasa inda za su sauke su, wasu sai da aka kai su Niyu Olins. Satumba ta zo guguwar Irma ta ragargaza tsibiran Barbuda da Sen Matin, aka rufe tashoshin Fulorida, ba a gama numfasawa ba ranar 20 ga wata guguwar Maria ta afka wa tsibirin Fotoriko. To ka ɗauka kai ne, ka taso daga Kano ko Abuja ka sha wahalar biza, jirgi ya dawo bayan kwana uku da ranar da aka sa, jirgin samanka na komawa ya tashi ya bar ka, ga kuɗin otal da dala, ga wurin aiki ana nemanka, wa zai biya?

Kamfanin jirgin ruwan fa ya riga ya kare kansa. A cikin ƙananan rubutun tikitin nan da ba wanda ke karantawa an rubuta cewa suna da ikon canza hanya, ka biya don ganin Bahamas a kai ka Meziko, babu diyya. In sun soke tafiyar gaba ɗaya galibi za su mayar maka da kuɗinsu, amma tikitin jirgin sama da otal da ka kama da kanka wannan kai ta shafa.

Nan inshorar tafiya ke shigowa, kuma don Allah ku rubuta wannan: da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da ka saya bayan nan ba za ta biya asarar wannan guguwar ba, za su ce ai ka san da ita. Saboda haka ranar da ka biya kafin alƙalami, ranar za ka saya. Sannan tsoro kaɗai ba dalili ba ne a wurinsu, in jirgi zai tashi kai ka ce gabanka na faɗuwa ka fasa, ba sisi, sai in ka sayi irin wadda ke ba ka damar fasawa ko da wane dalili, ita ma kashi 50 zuwa 75 take mayarwa kuma cikin sati biyu zuwa uku da biyan farko ake sayenta.

Hajiya ta ɗaga hannu, na san maganar halacci ce. Akwai takaful, wato inshora a tsarin Musulunci, a tambayi kamfanonin ko suna da na tafiya, amma a tabbatar takardar ta ambaci jinkiri da katsewar tafiya da kuɗin magani a cikin jirgi, don likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba. Bismillah Hajiya, a miƙa mata makirfo.