Manomi a Majalisar Jiha: Wace Takarda Doka Ke Nema?

[Hoto: gonar masara a hanyar Dadin Kowa]

Jama'a, kun ga musun da ake tafkawa a Facebook: wai ta yaya mutumin da aka sani da garma da buhunan masara zai shiga majalisar dokokin jiha, har ya yi zango huɗu, alhali bai taɓa leƙa jami'a ba? Wasu ma sun riga sun yanke hukunci, sun ce takardar bogi ce. To, a bi a hankali.

[Hoto: zauren majalisar Gombe]

Kujeru 24 ne a nan. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman ɗaya ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, da 30 ce aka rage a 2018, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Waɗannan ba mai gardama a kansu.

Sharaɗin karatu ne ke rikita mutane. Babu digiri a ciki, babu difloma. Abin da aka rubuta shi ne mutum ya yi karatu har matakin takardar sakandare, ko makamanciyarta. Kuma ba a ce sai da kiredit biyar ba. Wannan dokar shiga jami'a ce, muka kwaso ta muka ɗora wa 'yan siyasa.

To mece ce makamanciyar? Sai ka buɗe sashe na 318. Tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu ta wadatar. Kai, ko takardar firamare aji shida ta isa, amma da sharaɗi uku a haɗe: aikin shekara 10 a gwamnati ko wani wuri mai zaman kansa wanda INEC ta amince da shi, kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara 1, sannan ya iya karanta Turanci, ya rubuta, ya yi magana da shi har INEC ta gamsu. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi takardar kanta wuya, don mun sha ganin masu digiri suna gumi a gaban makirfo.

[Hoto: layin masu zaɓe]

Batun daɗewa kuwa gajere ne. Gwamna ne aka ƙayyade wa zaɓe biyu. Ɗan majalisa ba shi da iyaka: duk shekara 4 ya koma mazaɓa, in ya tsallake fidda gwani, ya ci akwati, ya dawo. A fidda gwanin nan ake kayar da da yawa, kuma manomin da ba ya fashin ta'aziyya da suna, ana haɗuwa da shi wajen sayen taki, ya fi ɗan birni sanin wakilan gunduma.

Gonar fa? Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana mai riƙe da muƙami gudanar da kasuwanci na kansa, amma ta ware noma. Don haka in kun hango Honarabul a gona da damina, bai karya doka ba.