Daga Makadishu zuwa Burma: sawun Bataliya ta 1

Zainab: Masu saurare, barkanmu da war haka. Malam Habu, jiya na bi ta gaban barikin Mogadishu a Abuja, sai na ce wai me ya haɗa mu da babban birnin Somaliya?

Malam Habu: Ai ƙafar kakanninmu ce ta haɗa mu, Zainabu. Bataliya ta 1 ta Rajimantin Najeriya, tare da ta 2 da ta 3, su aka haɗa a Birged ta 23. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka zuba su a jirgin ruwa sai Kenya, domin su kara da sojojin Italiya. Ran 25 ga Fabrairun 1941 suka shiga Makadishu.

Zainab: Haka kawai?

Malam Habu: Kusan ba turjiya, Italiyawa sun riga sun cika wa rigunansu iska. Aikin yana gaba. Daga nan aka ce su nufi Harar ta ƙasar Habasha, tafiyar wajen mil 1,000, suka cinye ta cikin kusan wata guda a manyan motoci. A mashigin dutsen Marda, gab da Jijiga, aka tare su, kuma Bataliya ta 1 ce ta hau dutsen nan ana yi mata ruwan wuta. In kin je Yaba a Legas, akwai barikin Marda.

Zainab: Ikon Allah. Ni kuwa kakana ba Habasha yake ambata ba, kullum zancensa yaƙin Bama. Ina ƙarama na ɗauka Baman Borno ce.

Malam Habu: (dariya) Ba ke kaɗai ba. Burma yake nufi, Myanmar ta yau. Bayan sun dawo gida aka sa bataliyar cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, a 1944 aka kai su Indiya, ƙarshen shekarar suka faɗa yankin Arakan na Burma. Can kuwa babu zancen mota. Ƙurmi ne da tsaunuka da rafuka, ga sauro, ga matsattsaku, ga sojan Japan wanda ba ya miƙa wuya. Abinci jirgin sama ke jeho shi, sauran kaya kuma a ka.

Zainab: A ka? Kamar 'yan dako?

Malam Habu: Da gammo ma. Akwai rukunoni na musamman na masu ɗaukar harsashi da abinci da waɗanda aka ji wa rauni. Ni a ganina su aka fi zalunta a tarihin nan, don ba a cika ambatonsu ba, alhali in babu su babu mai kai wa Myohaung, garin da aka ƙwace a Janairun 1945.

Zainab: To da wane harshe Bature yake ba su umarni?

Malam Habu: Tun kafin yaƙin Hausa ce harshen bariki, har jarrabawarta hafsoshin Ingila ke yi. Amma hafsa Bature ne, namu iyakarsu saje da samanja.

Zainab: Shi ya sa kakana yake cewa shi da ya ɗauki bindiga kofur ya dawo. Lambobinsa suna nan cikin adakar kakata, an naɗe su a tsumma.

Malam Habu: Don Allah ki zo mana da su mako mai zuwa, mu duba ko akwai tauraron Burma, wato lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙin can, a ciki.