Mota Mai Lamba 722: Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurinta da Tarihin da Ke Bayanta

Masu kallo, assalamu alaikum. Motar da kuke gani a kan wannan teburi tsawonta bai wuce santimita 18 ba, amma kwaikwayo ce ta wata mota guda da ta yi suna a tarihin tseren motoci, wato Mercedes-Benz 300 SLR mai lamba 722, wadda Stirling Moss ɗan ƙasar Birtaniya ya tuƙa a Italiya a shekarar 1955. Za mu bi yadda ake haɗa irin wannan ƙaramin samfuri daga ɓangarorinsa, kuma za mu riƙa komawa ga tarihin motar a kowane mataki, domin wanda bai san ranar da motar ta yi tsere ba, da abin da ya same ta a hanya, ba zai iya fitar da kamanninta na gaskiya ba, kome ƙwarewar hannunsa.

Abu na farko shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:24 a jikin kwalin, ana nufin an raba kowane tsawo na motar gaske gida 24 an ɗauki kashi ɗaya. Motar asali tana da tsawon kimanin mita 4.3, shi ya sa tamu ta tsaya a santimita 18. A ma'aunin 1:43 za ta koma kusan santimita 10, a 1:18 kuwa ta kai kusan 24. Ma'aunin 1:43 ya samo asali ne daga ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Ingila, inda aka riƙa ƙera motoci da za su dace da girman jiragen, kuma har yau masu tara motocin tsere suna son sa saboda ba ya cin wuri. Ga mai son ya haɗa da hannunsa, 1:24 ya fi dacewa a ganina, domin yana ba da damar a nuna injin da sitiyari da kujeru ba tare da ido ya wahala ba. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Revell da Airfix sun daɗe suna sayar da motoci a kwali, ɓangarorinsu na roba a manne da firam, sai mutum ya yanko ya haɗa, akwai kuma ƙananan masana'antu da ke zuba nasu da ƙarfe mai taushi. Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta langalanga yana yaro ya san daɗin wannan aiki, bambancin kawai shi ne a nan ana auna kome da kome, ana kuma gwada shi da hoton motar gaske.

Ita lambar 722 lokaci ce. A tseren Mille Miglia, wanda ake farawa daga garin Brescia a gangara zuwa Rum sannan a dawo Brescia, tafiyar kusan kilomita 1,600 a kan titunan da jama'a ke bi yau da gobe, ba a sakin motoci gaba ɗaya. Ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya, ƙananan motoci su fara tashi tun cikin dare, manya masu ƙarfi su biyo baya da safe, kuma ana rubuta wa kowace mota lokacin tashinta a jikinta domin 'yan kallo su iya lissafa wanda ke gaba. Moss ya tashi da ƙarfe 7:22 na safiyar 1 ga Mayu, 1955, yana da shekara 25. Ya dawo Brescia bayan awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 157 a awa, duk da tsaunuka da kwanoni da garuruwan da ya ratsa. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, wanda ya tuƙa irin wannan mota mai lamba 658 shi kaɗai, ya zo na biyu da tazarar kusan rabin awa. Babu wanda ya karya wannan lokaci na Moss har aka daina tseren.

Wannan batu na tafiya shi kaɗai ko da abokin tafiya yana da muhimmanci ga mai haɗa samfuri. Ku dubi bayan kujerun nan, za ku ga tudu biyu da ke tokare kan direba da na wanda ke zaune kusa da shi. Motar Fangio tudu ɗaya gare ta, ta Moss kuwa biyu, domin ya ɗauki ɗan jarida Denis Jenkinson a matsayin mai nuna masa hanya. Kafin ranar tsere, su biyun sun bi hanyar sau da yawa, Jenkinson yana rubuta kowace kwana da gada da tudu da mararrabar layin dogo, sannan ya kwafe bayanan a kan wata doguwar takarda mai tsawon fiye da mita 5, aka naɗe ta a cikin ƙaramin akwatin alminiyam mai tagar gani, yana murzawa yana karantawa. Ƙarar injin ba ta barin su ji maganar juna, don haka da alamun hannu yake gaya wa Moss abin da ke gaba, kuma a kan wannan amana Moss ya riƙa haye tudun da ba ya ganin bayansa da gudun da ya kai kilomita 270 a awa. Saboda haka masu wannan sana'a da suka damu da gaskiyar tarihi sukan sassaƙa ɗan akwatin nan, wanda a ma'auninmu bai fi 'yan milimita kaɗan ba, su ajiye shi a gefen kujerar dama. Ni a wurina samfurin 722 da babu wannan akwati bai kammala ba.

Aikin hannu yana farawa ne da wanke ɓangarorin da ruwan sabulu domin a cire maiƙon da ya rage daga wurin zubi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Daga nan a yanko kowane ɓangare da ɗan almakashi na musamman, a goge layin da zubi ya bari da sanfefa mai laushi, a gwada haɗawa ba tare da gam ba don a ga inda bai zauna daidai ba. Wannan mataki ba shi da armashi, amma duk abin da aka tsallake a nan zai fito fili bayan an yi fenti.

Injin ya cancanci a ɓata masa lokaci. Silinda takwas ne a jere, girmansa kusan lita 3, ƙarfinsa kimanin doki 300, kuma ba ya amfani da kafireto, kai tsaye ake fesa mai cikin silinda, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Injiniyoyin sun kwantar da shi gefe guda domin gaban motar ya yi ƙasa, dalilin ke nan da ake ganin kumburi a gefe ɗaya na murfin injin, da bututun hayaƙi biyu da suka ɓullo ta gefen dama. Birkinta na ganga ne, manya ƙwarai, kuma ba a cikin ƙafafun aka saka su ba, an shigar da su can cikin jikin motar. Wannan yana nufin idan aka leƙa ta tsakanin wayoyin ƙafar, bai kamata a ga gangar birki a manne da ita ba.

Ƙafafun su ne suka fi ba da wahala. Motocin tsere na wancan lokaci suna da ƙafafu masu siraran wayoyi a sarƙe, kuma idan kaurin wayar gaske ya kai milimita 5, to a ma'aunin 1:24 ya kamata ta zama kusan milimita 0.2. Roba ba ta zubuwa da wannan sirantaka, shi ya sa ƙafafun da ke zuwa cikin kwali sukan yi kauri su ɓata kyan motar. Mafita ita ce a sayi wayoyin da aka yanko daga siririn faifan ƙarfe, ko kuma mai haƙuri ya huda ramuka ya saƙa waya ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, aikin da zai iya cin kwanaki a kan ƙafa huɗu.

Sai fenti. A wancan zamani launin motar tsere yana nuna ƙasarta: ja na Italiya, kore na Birtaniya, shuɗi na Faransa, launin azurfa kuma na Jamus. Ana fara fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan a bi da launin azurfa sirara-sirara, ana barin kowane shafi ya bushe. Matsalar fentin azurfa ita ce ƙwayoyin ƙyallin da ke cikinsa, domin idan sun yi girma, ƙaramar motar sai ta yi kama da abin wasan yara, don haka a nemi wanda ƙwayoyinsa suka fi laushi. Jajayen lambobin suna zuwa a kan takarda, a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi, lambar ta saki, a zame ta kan jikin motar, a matse ruwan da auduga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe kome da fenti mai sheƙi kamar madubi. Motar tsere ta 1955 ba ta da irin wannan sheƙi, kuma yawan ƙyalli yana mayar da ita motar baje koli.

Kafin a ɗaura ƙafafu, dole mai aikin ya yanke shawarar wace sa'a ta wannan rana yake son nunawa. Idan safiyar tashi ce, motar tsaf take. Idan yammacin dawowa ne, to gabanta ya lotsa saboda karon da ta yi da daman ciyawar da aka jera a gefen hanya, jikinta ya yi ƙura da maiƙo, fuskokin Moss da Jenkinson kuwa sun yi baƙi ƙirin in ban da zagayen tabarau, kamar yadda hotunan ranar suka nuna. Motar asali tana gidan tarihin Mercedes-Benz a Stuttgart, kuma Moss, wanda ya rasu a 2020 yana da shekara 90, ya sa hannu a murfin injinta shekaru da yawa bayan tseren, saboda haka wannan rubutu ba shi da wuri a samfurin da ke nuna 1955.

Akwai wani bambanci da ba ya yiwuwa a ambata shi ba tare da alhini ba. Wasu samfuran 300 SLR suna da wani faffaɗan murfi a baya wanda yake ɗagawa ya tare iska don taimaka wa birki. Ba a yi amfani da shi a Mille Miglia ba, an saka shi ne don tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, makonni shida bayan nasarar Moss. A can ne, ranar 11 ga Yuni, 1955, irin wannan mota da Pierre Levegh ke tuƙawa ta yi karo ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, jikinta na maganiziyam, wani ƙarfe mara nauyi, ya kama da wuta, shi da mutane fiye da 80 suka rasa rayukansu. Mercedes ta janye sauran motocinta a daren, sannan ta bar tsere a ƙarshen shekarar. Bayan shekara biyu, a 1957, motar Ferrari ta Alfonso de Portago ta kauce hanya kusa da ƙauyen Guidizzolo, ta kashe shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, ciki har da yara, kuma daga nan aka daina Mille Miglia a matsayin tseren gudu, bayan an fara shi tun 1927. Wanda ake yi a yau tattaki ne na tsofaffin motoci a kan lokaci ƙayyadadde. Mai haɗa samfuri da ya saka murfin iska a jikin 722 ya gauraya ranar murna da ranar makoki, kuma ya kamata ya san abin da kowannensu yake tunasarwa.

Abin da ya rage shi ne ƙananan kaya: gilashin gaba, fitilu, sitiyari da kujeru masu yadi mai zanen dara. Gilashi da fitilu ana manna su da farin gam na ruwa, domin gam mai ƙarfi yana sa su yin hazo. Idan an gama, a ɗaure motar a kan katako da ɗan sukuru ta ƙasa, a rubuta sunan tseren da kwanan wata da sunayen mutum biyun da suka zauna a cikinta, sannan a rufe ta da akwatin gilashi nesa da hasken rana, saboda ƙura tana maƙalewa tsakanin wayoyin ƙafa, rana kuma tana kashe jan launin lambobin.