Maganin ADHD da hantar yara: daga ina tsoron ya samo asali?

Idan likita ya rubuta wa yaro maganin ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali wuri guda, wasu iyayen sukan tambaya: likita, ba zai taɓa masa hanta ba?

Tsoron nan yana da tushe. Akwai wani magani, pemoline, da kamfanin Abbott ya riƙa sayarwa da sunan Cylert, aka amince da shi a Amurka a 1975. Sau ɗaya ake shan sa da safe, ba sai an bi yaro da ƙwaya har makaranta ba. Sai rahotanni suka fara shigowa: yaro ya yi watanni yana sha lafiya lau, kwatsam idanunsa su yi rawaya, kafin mako huɗu hanta ta daina aiki.

Birtaniya ta janye shi a 1997, Kanada a 1999. Amurka kuwa ta ja ƙafa, ta ce a ci gaba da sha, amma sai iyaye sun sa hannu a takarda, kuma a riƙa ɗibar jinin yaro duk mako biyu. Allura duk mako biyu fa, ga ɗan firamare! Sai a 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa illarsa ta fi amfaninsa, bayan rahoton mutum 13 da aka yi wa dashen hanta ko suka rasu.

Wanda aka fi bayarwa yau shi ne methylphenidate, irin su Ritalin da Concerta. Da wuya ya taɓa hanta. Abin da likita ya fi sa wa ido shi ne cin abinci, barci, hawan jini, bugun zuciya da girman yaro. Gargaɗin hanta yanzu ya fi ƙarfi a kan atomoxetine, wato Strattera, wanda ma ba ya cikin rukunin magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa irin su pemoline da methylphenidate. A 2004 aka ƙara masa gargaɗin.

To iyaye, ku lura. Fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, farin ido ya koma rawaya, ƙaiƙayi, amai, kasala, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A wurinmu da an ga haka sai a ce shawara ce, a nemo jiƙo. Kada ku yi haka. Ku kai shi asibiti a ranar, ku riƙe kwalin maganin a hannu, a yi masa gwajin hanta. Idan aka tabbatar atomoxetine ne ya jawo, ba a sake ba yaron maganin.