Ƙahon Nan Zai Kai Garwa

Sakatare, riƙe rahoton watan tukuna. Akwai maganar da ta hana ni barci tun ranar da muka dawo daga maƙabarta, kuma idan ban sauke ta yanzu ba, ba zan iya jin komai a taron nan ba.

Muna gama rufe ɗan'uwanmu, matarsa ta kama hannun rigata ta ce, "Baba, mun bar shi a ƙasar mutane." Ta yi ta maimaitawa. Ciwon da ya ɗauke shi ba ta ambata ba, haya ma ba ta ambata ba. Abin da ke cin ranta shi ne uwarsa da ubansa suna kwance a gindin dutsen garinsu, shi kuwa ga shi a Garwa ta Kamaru, cikin mutanen da ba su san sunan kakansa ba. Na rasa abin faɗa a wurin. Ni ma fa haka nake ji. Da yawanmu da ƙafa muka haye duwatsu a 2014, lokacin da Gwoza ta faɗi, Mubi ta bi baya a ƙarshen Oktoba. Wasu suka tsaya a sansanin Minawao kusa da Mokolo, wasu muka gangaro nan bakin Binuwai muna cewa wata biyu ne mu koma. Yau 'ya'yanmu sun fi iya Fulatanci da Faransanci a kan yaren gida.

Kada kowa ya ce mata son gida rashin bangaskiya ne. Yusufu, da dukan girmansa a Masar, sai da ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa, Musa kuma ya ɗauke su ranar fitowa. Mu ma mun so mu kai shi. Amma kun san zafin garin nan ba ya jiran gawa, kun san takardun fita da ita da kuɗin mota har iyaka, kun kuma san abin da ke cikin asusunmu. Zan dawo kan asusun.

Da na koma gida na buɗe Farawa sura 23. Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim ya tsaya gaban Hittiyawa ya ce shi baƙo ne a cikinsu, su sayar masa da wurin binne matarsa. Ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela. Uban masu bangaskiya ke nan, bai mayar da ita Ur ba. Washegari na je na karanta mata wannan, na haɗa da 1 Tasalonikawa sura 4, inda Manzo Bulus ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege. Ku lura, bai hana kuka ba. Yesu kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Abin da Bulus ya faɗa shi ne Ubangiji da kansa zai sauko, za a busa ƙaho, waɗanda suka yi barci cikin Almasihu su ne za su fara tashi. Na ce mata, Mama, ƙahon nan babu jandarman da zai tsayar da shi a kan iyaka ya nemi takardar zama. Zai kai Michika, zai kai Madagali, zai kai Garwa a ƙyaftawar ido ɗaya. Wahayi ya ce har teku za ta ba da matattun da ke cikinta. To wadda ta haɗiye mutane ma za ta mayar, balle ƙasar da muka sa shi da hannunmu, muka yi addu'a a kanta? Har waɗanda muka baro a daji a hanyar gudu, ba mu san inda suka faɗi ba, Ubangiji ya san wurin.

Ta yi shiru, ta share fuska, ta ce amin. Sai ƙaramin yaronta ya shigo ya ce yana jin yunwa. 'Yan'uwa, na duba murhu, toka ce mai sanyi.

Nan ne zuciyata ta ɓaci, kuma da mu nake, ba da wasu ba. Ranar jana'iza mun cika wurin, Zumuntar Mata sun yi waƙa har maƙwabta Musulmi suka fito suka zauna tare da mu, na yi alfahari da ku, Allah ya sani. Amma littafin ma'aji yana nan a kan tebur. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bara. Akwatin gawa bashi muka ci. Wani ɗan'uwa, ba zan kama suna ba, na tuna masa sai ya ce mini, ai duniya ta zo ƙarshe, ga yaƙe-yaƙe ko'ina, me za a yi da tara kuɗi? Ubangiji ya ce ranar nan da sa'ar babu wanda ya sani sai Uba. Ranar da mai gida zai zo karɓar haya kuwa matar nan ta san ta sarai.

Ku buɗe 1 Korintiyawa. Sura 15 duka tashin matattu ne, har Bulus yana tambayar mutuwa ina nasararta. Ku juya zuwa sura 16, da me ya fara? Da tarin gudummawa domin tsarkaka, kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. Bai ko huta ba tsakanin maganganun biyu. Ni ba zan iya komawa gidan nan in sake karanta mata cewa Allah zai share dukan hawaye, da hannuna wayam ba. Kunya ba za ta bar ni ba.

Na san kasuwa ta yi wuya. Na san naira ba ta da ƙarfi gaban sefa, abin da ake aiko wa wasunmu daga gida ya zama ba komai. Ban ce kowa ya biya bashinsa duka yau ba. Mai sefa 500 ya kawo, mai kwanon masara ya kawo, mai gawayi ya kawo. Gobe wani daga cikinmu ne zai kwanta a maƙabartar nan, wataƙila ni, kuma matata ce za ta zauna gaban wannan murhun.

Sauran batutuwa a taƙaice: kujerun haya an mayar, wasiƙar godiya ga ikkilisiyar da ta ba mu wuri an kai, maganar rigar ƙungiya a bar ta sai wani zama.

Ma'aji, buɗe littafin, fara da sunana. Iyayenmu mata, ina son biyu daga cikinku su kwana a wurinta daren yau, don tun da baƙi suka watse ita kaɗai ce da yaran.